Fayawol da antibairos sun isa, ko sai na ƙara da maganin manhajar leƙen asiri?

Mai Kafe Tashan Dukku:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Wata matsala ce ta hana ni barci tun shekaranjiya. Kwastomomi biyu suka dawo mini cikin mako ɗaya. Ta farko ɗaliba ce, ta buɗe imel ɗinta a kwamfutar da ke bakin ƙofa don ta buga takardar makaranta, bayan kwana uku imel ya ƙi buɗuwa. Na biyun dattijo ne daga Tudun Hatsi, Facebook ɗinsa aka ƙwace, har an fara bin abokansa ana roƙon kuɗi wai yana kwance a asibiti. Duka biyun a kwamfuta ɗaya suka zauna. Dattijon ko murya bai ɗaga ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, ka binciki gidanka." Wallahi gara ma ya zage ni.

Ni dai ina da antibairos, ga alamarsa nan kore shar a ƙasan allo. Fayawol ma, mai tare kutse daga intanet, a kunne take. Sai wani ya ce mini waɗannan biyun ba sa kama manhajar leƙen asiri, dole sai na sayi maganinta daban. Haka ne? Kwamfuta shida gare ni, kafin in zuba kuɗi ina so in ji ta bakin masu abin.

Na Pantami:
Wa alaikumus salam Hamma. Gaskiya aka gaya maka. Kowace cuta da maganinta, mai ciwon ido ba ya shan maganin ciki. Antibairos na bairos ne, ɗan leƙen asiri kuwa sai nasa. Ina da lasisi na shekara guda, kwamfuta shida zan yi maka ragi. Ka taɓa ni ta gefe.

Admin:
Na Pantami, talla sai ranar Asabar, ka sani. A ba shi amsa tukuna.

Na Pantami:
Afuwan ranka ya daɗe, taimako ne.

Bappa Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna.

Maganar da aka gaya maka gaskiya ce, amma gaskiyar shekara ashirin da suka wuce. Lokacin da muke fama da Windows XP a Sabon Layi, sai a kawo maka kwamfuta, ka buɗe Internet Explorer ka tarar da sandunan talla jere-jere sun cinye rabin allo, kana rufe taga ɗaya uku na buɗewa. Ka kunna antibairos ya gama zagayensa ya ce maka lafiya ƙalau. Dalili kuwa, antibairos na lokacin abin da ke hayayyafa yana lalata fayil yake nema. Su waɗannan 'yan leƙen asirin a jikin manhajojin kyauta suke zuwa, kai da hannunka ka danna ka ce ka yarda, don haka kamfanonin antibairos suna ɗari-ɗarin kiransu cuta, saboda masu su kan kai ƙara kotu. Shi ya sa muke yawo da Ad-Aware da Spybot a faifan CD kamar laya.

Ita kanta Microsoft da abin ya ishe ta, a watan Disamban 2004 ta sayi wani kamfani mai suna GIANT da ke yin maganin leƙen asiri, ta fitar da shi a Janairun 2005, daga baya ta sa masa suna Windows Defender. Ka ji asalinsa. Defender ɗin nan da ke zuwa a cikin Windows, wanda yara ke rainawa, aikin farko da aka haife shi don shi ke nan, farautar 'yan leƙen asiri. Sai a Windows 8, shekarar 2012, aka haɗa masa aikin antibairos gaba ɗaya. Sauran kamfanonin ma duk haka suka yi, suka haɗe aikin wuri guda. Yau duk antibairos na kirki yana neman bairos, yana neman mai naɗar abin da ka rubuta a kibod, yana neman ɓarawon kalmar sirri. Sunan ne kawai ya tsaya a na da, kamar yadda har gobe muke cewa NEPA.

Ɗan Kashere:
Bappa ya gama magana. In ƙara da batun fayawol, don mutane na ɗora mata kayan da ba nata ba. Ita kamar maigadin bakin get ce wanda aka ce masa kada ya bar baƙo ya shigo. Wanda ke fita daga cikin gida ba ruwansa da shi. Haka ta Windows take zuwa: tana tare abin da ke ƙwanƙwasawa daga waje, mai fita kuwa ta ba shi hanya, sai in kai ka zauna ka sa mata doka. Shi kuma ɗan leƙen asiri ai a ciki yake. Ya tattara kayansa ya bi ta ƙofa mai lamba 443, wadda Chrome ke bi duk lokacin da ka buɗe shafi, kuma kayan a ƙulle suke. Maigadi zai ɗauka ɗan gida ne ya fita sayen koko.

Na Pantami:
To malaman boko, in antibairos ya isa, me ya sa duk kwamfutar da na sa wa manhajar bincike ta biyu sai ta zaƙulo abubuwa? Jiya ma na yi wa wani, abu sama da ɗari biyu ta kamo, alhali yana da antibairos. Ido ba ya ƙarya.

Bappa Injiniya:
Ka buɗe jerin ka karanta, ko adadin kawai ka gani da jan rubutu?

Na Pantami:
Bappa wa ke da lokacin karanta abu ɗari biyu.

Bappa Injiniya:
Ni ina da shi, tsufa ya ba ni. Yawancinsu 'yan ƙananan fayilolin nan ne da shafuka ke ajiyewa a burauza don su gane ka in ka dawo, kukis. Ana bin sawun mutum da su don talla, ban musa ba, amma ba su ne ke ƙwace Facebook ba, kuma daga cikin burauza kana share su kyauta. Ana lissafa su ne ɗaya-ɗaya don adadi ya yi yawa gabanka ya faɗi.

Amma ba zan hana ka gaskiyarka ba. Akwai wani rukuni na tsakiya, ba su kai cuta ba, ba su kuma da alheri: mai canja maka shafin bincike, mai cusa talla, mai cewa zai ƙara wa kwamfuta gudu. A nan kam wani antibairos ɗin yana sassauci, wani yana tsanani. Shi ya sa ni ma a filashina akwai AdwCleaner da Malwarebytes na kyauta. In na yi zargi sai in kunna, su yi zagaye ɗaya, in rufe. Kamar mutum ne ya ga likita, ya ce bari in ji ta bakin na biyu. Wannan daban, ɗaukar likita biyu su tare a gidanka daban. Ka sa masu gadi biyu da ke aiki dare da rana a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, mai ram 4, kowane yana binciken ɗan'uwansa, sai ka danna Word ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Defender ma da kansa in ya ga ka sa wani antibairos, ja da baya yake yi ya bar masa fili.

Na Pantami:
Na ji. Amma na kyauta fa ku yi hattara, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba Avast, mai antibairos na kyauta, ba ce aka kama tana sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun wani reshenta, Jumpshot? A 2020 abin ya fallasa suka rufe reshen, a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ɗora musu dala miliyan 16.5.

Ɗan Kashere:
Wannan gaskiya ne Hamma, amma ai hujjar a kanka ta faɗo. Duk manhajar tsaro da ka sa, ka ba ta makullin kowane ɗaki ne, tana ganin komai. Kai kuma kana cewa a ƙara wata. In an ba kura ajiyar nama sau ɗaya an ji jiki, sai a ƙaro kura ta biyu? Ka tuna CCleaner a 2017, manhajar share datti ce da kowa ya yarda da ita, masu kutse suka cusa mata cuta tun daga tushe, mutum sama da miliyan biyu suka sauke. Ga kuma na bogi, masu fitowa a allo da ƙara wai an gano cuta a kwamfutarka, danna nan ka sauke magani. Maganin shi ne cutar.

Bappa Injiniya:
Mu bar gardamar haka, mai shago na jira. Ɗana, je ka wurin kwamfutar bakin ƙofan nan. Kada ka dubi koren alamar, buɗe antibairos ɗin ka gaya mana ranar da ya yi sabuntawa ta ƙarshe. Sannan ka nemi wurin da ake keɓe fayilolin da ba a so ya taɓa, ka karanto mana abin da ke ciki. Ka shiga Chrome ka ga kalmomin sirri nawa ke ajiye, da ƙananan manhajojin ƙari da aka liƙa masa. Kafin duk wannan ma ka durƙusa ka leƙa bayan akwatin, inda wayar kibod ta shiga. In ka ga wani ɗan abu kamar kan filashi tsakanin wayar da ramin, cire shi, mai naɗar abin da ake rubutawa ne. Wannan ba manhajar da ke ganinsa a duniya, don ba a cikin Windows yake ba.

Mai Kafe Tashan Dukku:
To Bappa. An ɗauke wuta, bari yaro ya tada janareta.

Adda Maman Hanif:
Kafin ya dawo ku ba ni aron zauren. Ni ba kwamfuta ce damuwata ba, waya ce, a kanta nake duk cinikin atamfa da turare. Wata ƙawata a Tumfure ta daɗe tana cewa duk abin da ta rubuta wa 'yar'uwarta sai ta ji shi a bakin wani. Ta sa antibairos har biyu a wayar, ba abin da suka gani. Mai gyara ya ce mata sai dai ta sayi sabuwar waya. Shin ita ma akwai wani maganin na daban ne?

Ɗan Kashere:
Adda, kafin a kai ga manhaja, ta buɗe WhatsApp, ta danna ɗigo ukun nan na sama, ta shiga wurin na'urorin da aka haɗa. WhatsApp yana yarda a haɗa har na'ura huɗu da lamba ɗaya. Wanda ya riƙe wayarki minti ɗaya a buɗe ya isa ya haɗa ta da kwamfutarsa, daga nan duk saƙon da ya shigo yana gani. Antibairos ba zai ce komai ba, don ba cuta ba ce, hanya ce da WhatsApp ɗin ya tanada. In ta ga na'urar da ba ta sani ba ta fitar da ita.

In nan babu komai, to akwai manhajojin bibiya da ake sayarwa da sunan kula da yara. Suna ɓoye alamarsu, su sa wa kansu suna kamar na kayan waya. Ta duba saitin, wurin manhajojin da aka ba izinin taimaka wa masu buƙata ta musamman, da waɗanda aka ba ikon shugabancin waya, da masu karanta sanarwa. A nan suke maƙalewa. Ta kuma duba ko Play Protect, mai gadin da Google ta sa a Play Store, a kunne yake, don mai sa irin wannan abin shi yake fara kashewa. Daga Android 12 zuwa sama, in wata manhaja ta kunna kyamara ko makirufo, wani ɗan koren ɗigo na fitowa a saman allo. A nan kam binciken antibairos na kirki yana taimakawa, tun 2019 kamfanoni da dama suka haɗa kai da ƙungiyoyin kare mata a kan su riƙa fallasa irin waɗannan.

Bappa Injiniya:
Ƙarin abu ɗaya 'yata. In ta gano, kada ta yi saurin gogewa in har tana tsoron wanda ya sa. Yana gani abin ya daina aiki ya san ta gane. Ta ɗauki hoto da wata wayar, ta fara sanar da wani babba nata.

Mai POS Herwagana:
Ni fa ban ga laifin mutum ya san abin da ke faruwa a gidansa ba. Zamanin nan ya lalace.

Malam na Bolari:
Ɗan'uwa, a yi hankali. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a nisanci yawan zato, ta kuma ce kada a yi bincike a kan asirin juna, ba ta ware miji ko mata ba. Yaro ƙarami da ka saya wa waya, ka gaya masa a fili kana dubawa, wannan tarbiyya ce. Amma babban mutum ka sa masa abu a ɓoye, wannan shi ne tajassusin da aka hana. Kuma wanda ya je neman abu da zato a zuciyarsa, ko sallama ya gani sai ya fassara ta.

Mai POS Herwagana:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma dai.

Adda Maman Hanif:
"Amma dai" ɗin nan ita ke kashe aure a garin nan. Kai in aka sa maka a taka wayar ya za ka ji?

Mai POS Herwagana:
Adda ni tawa ba komai sai alat.

Ɗan Kashere:
Ai akwai waɗanda ko taɓa wayarka ba sai an yi ba. Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, a 2019 ta kiran WhatsApp kawai ya shiga, ko ba ka ɗauka ba, mutum kusan 1,400 aka hara, har WhatsApp ta kai su kotu a Amurka. A 2021 Amnesty da gungun 'yan jarida suka tona yadda ake bin 'yan jarida da 'yan adawa da shi a ƙasashe da yawa. Wannan ba antibairos ɗin da ke Play Store da zai gan shi.

Bappa Injiniya:
Ɗana, karatu ya yi, amma kada ka tsorata mana mata. Pegasus gwamnatoci ake sayar wa da kuɗi masu nauyi, ba wanda zai kashe wannan don ya ji nawa Adda ke sayar da turmi. In mutum ɗan jarida ne ko ɗan siyasa, to shi maganarsa daban, ya riƙa sabunta wayarsa, in iPhone ce akwai yanayin kulle na musamman da Apple ta kawo a 2022. Mu namu Pegasus ɗin a nan shi ne GBWhatsApp da aka turo ta Xender, da yaron da ka miƙa wa waya a kasuwa ya sa maka waƙoƙi.

Mai POS Herwagana:
Da manhajojin bashi. Wani maƙwabcina ya ci na dubu goma, kwana biyu da wucewar wa'adi aka tura wa surukinsa saƙo wai ɓarawo ne a guje shi. Daga ina suka samu lambar surukin?

Ɗan Kashere:
Shi ya ba su. Ranar da ya sauke manhajar ta ce tana son ganin lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna ya yarda don yana sauri kuɗi su shigo. Abin ya yi yawa har NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 a 2021, Google kuma a 2023 ta hana irin waɗannan manhajojin taɓa lambobi da hotuna. Amma wanda ya sauko da ita ta linkin da aka turo masa a guruf, dokar Google ba ta kai kansa ba.

Mai Kafe Tashan Dukku:
Jama'a na dawo. Innalillahi.

Bayan akwati ba komai sai ƙura da gidan gizo. Amma antibairos ɗin, Bappa, rabonsa da sabuntawa ya haura shekara biyu. Na tambayi yaron shago, ya ce shi ya kashe sabuntawar tun tuni, wai tana shanye data, kuma ni na ce a riƙa tattali. Na tuna na faɗa kuwa. Wurin keɓe fayiloli kuma layi ɗaya ne kawai a ciki: C da ɗigo biyu. Me wannan ke nufi?

A Chrome na ƙirga kalmar sirri 61 a ajiye, na mutane daban-daban, har da na ɗalibar nan. Akwai kuma wani ƙari mai suna kamar na mayar da takarda PDF, ban san wanda ya sa shi ba, an rubuta yana iya karantawa da canja komai a duk shafin da aka shiga.

Na Pantami:
Kai!

Bappa Injiniya:
Ma'anarsa an ce wa antibairos kada ya duba komai a kwamfutar. C ɗin nan ai shi ne gidan gaba ɗaya. Ka ɗauki maigadi, ka ce masa ya tsare ko'ina ban da cikin gida. Shi ya sa alamarsa ke kore, ba abin da ya gani, don ba inda aka bar shi ya leƙa. Wa ya sa maka Corel na zane da Office a kanta?

Mai Kafe Tashan Dukku:
Wani yaro ne mai gyara, ba zan kama suna ba. Na tuna yana ta ƙorafi wai antibairos na cinye masa fayil, sai ya ce bari ya saita shi.

Bappa Injiniya:
Ya kuwa saita shi. Ba lallai da mugunta ya yi ba, haka suka koya. Duk manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta, umarnin farko da ke jikinta shi ne ka kashe antibairos. Wani lokacin fayil ɗin fasawar ne kawai ake kamawa, wani lokacin kuma da ɓarawo a naɗe a ciki, kuma kai ba ka da hanyar bambancewa. Irin ɓarayin yanzu ba sa zama su jira ka rubuta. Cikin daƙiƙoƙi suke kwashe duk kalmar sirrin da ke Chrome, su haɗa da shaidar shigar da shafin ya ajiye, wadda da ita ake buɗe Facebook ɗinka ba a ma nemi kalmar sirri ba, su aika. A watan Mayun 2025 Microsoft ta ce wani guda ɗaya cikinsu mai suna Lumma ya kama kwamfuta sama da dubu 394 cikin wata biyu kacal.

Yanzu Na Pantami, tsakaninka da Allah, da ya sayi naka, yaron nan da ya zo sa Corel zai ƙyale shi?

Na Pantami:
Shi ma kashe shi zai yi, gaskiya. Amma nawa da zai yi ta ihu a allo.

Ɗan Kashere:
Wancan ma ya yi ihun, shi ya sa aka toshe masa baki.

Mai Kafe Tashan Dukku:
To yanzu in cire C ɗin in sa ya yi bincike, shi ke nan?

Bappa Injiniya:
A'a. Wadda ta yi shekara biyu a buɗe ban yarda da wanki ba, fomatin za a yi, da Windows da aka sauko daga wurin Microsoft, ba irin wanda ake cewa mara nauyi ba, wanda an riga an fige masa Defender da sabuntawa. Ka duba sauran biyar ɗin, hannu ɗaya ne ya taɓa su. Bayan nan kwastoma ya riƙa zama a asusun da ba shi da ikon sa manhaja, kalmar sirrin babban asusu kuma a kanka kaɗai, ba a kan yaro ba. Chrome a hana shi ajiye kalmar sirri, a riƙa buɗe wa mutane yanayin baƙo. In kana da hali ka nemi irin su Deep Freeze, duk abin da aka yi da rana in an kashe an kunna ya goge. Sai dai a kan mai tsabta ake sa shi, in ka daskarar da mai cuta ka adana cutar ke nan. In kuɗin nan na ƙaiƙayinka, ga inda za ka kai su, da data ta sabuntawa.

Ɗan Kashere:
Kuma wane Windows ne a kai? Windows 7 tun Janairun 2020 aka daina yi masa facin tsaro, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.

Mai Kafe Tashan Dukku:
Huɗu 10 ne, biyu 7. Kada ka ce in sayi sababbi don Allah, kuɗin mai ma da ƙyar. Kuma Corel fa? Rabin cinikina katin biki ne da kalanda. Kuɗin na asali ya fi ƙarfina, kowa a layinmu fasasshe yake amfani da shi.

Ɗan Kashere:
Akwai Inkscape a madadin Corel, da LibreOffice a madadin Office, kyauta ne kuma halal.

Mai Kafe Tashan Dukku:
Ƙanena, kai ba ka taɓa zama da uwar amarya a kanka tana jiran kati ba. Fayil ɗin Corel ake kawo mini daga wasu shagunan, in na buɗe da wani abu rubutu ya tarwatse wa zai biya?

Bappa Injiniya:
Ba zan ce maka ka ci gaba da fasasshe ba, ba kuma zan yi kamar ban san kasuwa ba. Mafi ƙaranci dai, kwamfutar zane ta zama daban, ba intanet a kanta, ba mai buɗe imel ko banki a kanta. Biyun nan masu Windows 7 su ne suka dace da zaman can ciki. Masu shiga intanet kuma kada a sa musu komai sai burauza da abin buɗe PDF.

Malam na Bolari:
Akwai haƙƙi kuma a nan. Mutum sittin da ɗaya suka bar amanarsu a shagonka ba da saninsu ba. Waɗanda ka sani ka neme su, su canja kalmar sirri daga wayoyinsu, su fitar da duk na'urar da ke ciki, su kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Mai Kafe Tashan Dukku:
Malam, in na faɗa ai na kashe kasuwata da bakina. Layinmu shago nawa ne.

Na Pantami:
A nan ina bayan Malam. Ka manna takarda a bango kawai, duk wanda ya taɓa buɗe imel ko Facebook a nan ya canja kalmar sirri. Ba sai ka ba da tarihi ba. Shi kuma dattijon ka taka ka same shi da kanka. Lasisin dai yana nan in ka canja shawara.

Admin:
Na Pantami.

Na Pantami:
Na yi shiru.

Mai Kafe Tashan Dukku:
Bappa gobe bayan Juma'a kana shago? Zan ɗauko ta bakin ƙofar a Keke mu fara da ita.

Bappa Injiniya:
Ina nan. Ka kwashe takardun kwastomomi kawai a filashi, kada ka kwaso ko manhaja ɗaya. Ka zo da yaron shagon ma ya gani da idonsa.

Adda Maman Hanif:
Jama'a, ina cikin tura wa ƙawata bayanin Ɗan Kashere sai na ce bari in duba tawa. Akwai na'ura ɗaya a haɗe, an rubuta Chrome, Windows, kuma jiya da ƙarfe tara na dare aka yi amfani da ita. Ni ko kwamfuta ba ni da ita. Hamma Mai Kafe, ba a shagonka na buga rasit ɗin kaya ba mako biyu da suka wuce, yaronka ya ce in haska wayata a allo don ya ciro hoton?

Mai Kafe Tashan Dukku:
Adda, a wace kika zauna?

Adda Maman Hanif:
Ta bakin ƙofa.